Kwamfutar Bature da Akwatin Oga

A ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da bakinmu bai gama sabawa da sabon sunan garinmu ba, yau mu ce Suleja gobe mu koma Abuja, ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, ban kuma daɗe da yin aure ba. Garin ya cika da baƙi. 'Yan safiyo da injiniyoyin da ke auna dajin da za a gina sabon birni duk a wurinmu suke kwana, domin can babu komai sai duwatsu da gonakin doya. A cikinsu akwai wani Bature dogo mai jan gemu da ya kama haya a gidan kawuna. Da yake ina jin Turanci, ina kuma jin Gwaranci ta wajen kakata, sai ya riƙa ɗaukata a motarsa ranakun Asabar ina yi masa tafinta a ƙauyukan wajen Garam.

A ɗakinsa na fara ganin kwamfuta da idona. Kafin nan sai a littafi, inda ake nuna ta ta cika ɗaki guda. Tasa kuwa ba ta fi tafireta girma ba. Maɓallan haruffa a gaba, wayoyi a baya, ɗaya ta tafi wata 'yar talabijin, ɗaya ta tafi rakoda. Da ita yake lissafin tudu da gangaren ƙasa. Wata rana da muka dawo daga ƙauye ya sa wani kaset a rakodar, muka ɗan jira, sai ga jirage suna gilmawa a saman gilashin, ga bindiga a ƙasa tana bin yatsansa. Ya tashi ya ba ni kujerar. Na harbo 'yan kaɗan, sauran suka wuce, amma tun daga ranar abin ya shiga raina.

Tafiyarsa ta zo ba shiri, an aiko masa matarsa ba ta da lafiya. Ranar da zai tashi ya kira ni ya miƙo mini kwali. Kwamfutar ce a ciki, da wani littafi mai kauri, da kaset ɗin wasannin. 'Yar talabijin ɗin ya riga ya bar wa abokin aikinsa, amma ya ce kada in damu, kowace talabijin za ta yi.

Ni kuwa ba ni da talabijin. A layinmu kaf mutum ɗaya ne yake da ita, maƙwabcina mai shagon rediyo da batir da fankoki. Mutumin kudu ne, Kirista, amma a Sabon Garin Zariya aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai bai damu da bambanta mace da namiji a cikin magana ba. Shi yana ce mini Ticha, ni ina ce masa Oga. A wannan shekarar ya dawo daga saro kaya a kudu da wani ɗan akwati baƙi mai abin murɗawa guda biyu. Idan aka haɗa shi da talabijin sai sanda fara ta fito a dama, wata a hagu, da ɗan ɗigo yana kai da kawowa a tsakaninsu. Kowa ya murɗa nasa ya tare ɗigon, wanda ya bari ya wuce shi ya faɗi. Shi ke nan wasan. Amma da an sallame la'asar shagon zai cika, direbobi da teloli da ma'aikatan safiyo, har waɗanda a da ba sa tashi daga wurin dara.

Wata yamma na tsaya sayen batir, Oga ya ce, "Ticha, zo ka gwada hannu."

Na ce, "Ina da abin da ya fi wannan a gida."

"Mene ne?"

"Kwamfuta."

Ya yi dariya har ya dafa kantar shagon. "Kwamfuta ai na banki ne. Lissafi yake yi. Wa ya ce maka ana wasa da shi?"

Na ce da hannuna na yi wasa da ita. Na ce akwatinsa wasa ɗaya ya sani, da shi kuma zai mutu, tawa kuwa duk wasan da aka koya mata za ta yi, yau jirage, gobe wani abu dabam.

Ya ce, "To wa zai koya masa? Nawa ba ya neman malami. Ka murɗa nan, ya kama. Direba ya iya, tela ya iya. Abin da aka yi don wasa dabam, abin da aka yi don ofis dabam. Ko ka taɓa ganin an yi tseren mota da tifa?"

'Yan shago suka kwashe da dariya. Na ce ya ara mini talabijin ɗin in nuna musu. Ya yarda nan take, amma da sharaɗi: sai ranar Lahadi da safe, lokacin da yake coci shagon yana rufe, kuma ta dawo kafin la'asar. Haka na shiga gardama da mutumin da sai da kayansa zan iya kafa hujjata.

Lahadin farko na rungumo talabijin ɗin zuwa falonmu, nauyinta kamar buhun gero. Na haɗa wayoyi yadda na ga Bature yana yi. Bayan doguwar murɗe-murɗe rubutu ya fito a gilashi, yana rawa kaɗan amma ana karantawa. Na ɗauko rakodarmu, na sa kaset ɗin wasanni, na danna. Maimakon ƙarar da na sani, sai na ji kalangu da guɗa.

Na mayar da shi baya, na juya ɗaya fuskar. Nan ma kalangu, da muryar wata zabiya tana wasa dangin ango. Na kira matata daga madafa.

Ta leƙo tana goge hannu. "Au, wannan? Ai lalatacce ne, Malam. Na sa shi na ji yana ta tsuwa kamar gyare ya shiga ciki. Da za a yi bikin ƙanwata ba mu da kaset, sai na ce gara a more shi."

Na ce, "Wannan tsuwar ita ce wasannin."

Ta dube ni, ta dubi rakodar. "Tsuwar?"

"Ita ce maganar da kwamfutar take ji."

"To ai ba ka faɗa mini ba. Ka ajiye shi cikin sauran kaset ɗinmu, babu rubutun da zan gane a jikinsa." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma kiɗan ya ɗauku da kyau."

Ban ga laifinta ba, domin kuwa duk wanda ya ji wannan ƙarar zai rantse kaset ɗin ya lalace. Na mayar wa Oga talabijin ɗinsa tun kafin azahar. Da yamma ya tambaye ni a gaban jama'a ina jiragen, na ce an samu 'yar matsala. Ya ce babu komai, akwatinsa bai san matsala ba, amma zai jira.

Abin da ya rage mini shi ne littafin. A ƙarshensa akwai wasanni da aka rubuta umarninsu layi-layi, sai mutum ya kwafe su da hannu a kan maɓallai. Babu na jirage a ciki. Na zaɓi mafi gajarta, na saukar da kumbo a duniyar wata. Mafi gajartar ma shafuka ne, cike da lambobi da baka da waƙafi, kuma idan ka kuskure ɗigo ɗaya kwamfutar za ta tsaya ta ce akwai kuskure, ba za ta ce maka ga dalili ba. Ni ban taɓa koyon tafireta ba, da yatsa ɗaya nake farautar kowane harafi.

Babban abin takaicin shi ne ba ta riƙe komai idan wuta ta ɗauke. Lahadi ta biyu na kai wajen rabi, fanka ta tsaya, gilashi ya yi baƙi. Da wutar ta dawo babu ko harafi ɗaya. Lahadin da ta biyo baya wutar ba ta ɗauke ba, amma ta yi ƙasa, hoton ya tsuke ya koma kamar tafin hannu, sannan kwamfutar ta daskare, ko me na danna ba ta motsi. Na koyi adana aikin a sabon kaset kafin in gama. Shi ma da nasa halin. Idan muryar rakodar ta yi sama kaɗan ba zai karantu ba, idan ta yi ƙasa kaɗan ma haka. Sai in zauna ina sauraron tsuwa tsawon lokacin da za a dafa shayi a sha, a ƙarshe ta ce kuskure. Matata ta daina shara a falo ranar Lahadi, don na taɓa yi mata tsawa da tsintsiyarta ta taɓa waya. Zumuncin da muka saba zuwa gidan iyayenta ranar ma ya tsaya, tana tafiya ita kaɗai tana ba da uzurin da ban san irinsa ba.

Duk wannan lokacin gardama ba ta kwanta ba. Kullum na wuce shagon sai an taɓo ta. Har jama'a suka rabu. Wani ma'aikacin safiyo da ya taɓa ganin kwamfuta a Legas yana bayana, ko da yake bai taɓa barin layin akwatin Oga don ya zo ya taya ni ba. Sauran suna bayan abin da suke gani da idonsu. Hujjata ba ta canza ba: akwatin Oga ba zai taɓa zama wani abu ba bayan sanda biyu da ɗigo. Tasa ma ba ta canza ba. Yakan ce, "Ticha, wasa hutu ne. Kai tun da ka samu wannan abu ka rame."

Ana gab da faɗuwar damina na gama. Na gwada shi ni kaɗai ya yi, na adana, na sake lodawa ya dawo. Na roƙi Oga ya bar ni in kawo kwamfutar shagonsa ranar Asabar bayan la'asar, lokacin da jama'a suka fi yawa. Ya cire akwatinsa da kansa ya ba ni wuri a kan kantar shagon.

Kaset ya ƙi karantuwa a karon farko. Mutane suna tsaye, wani yana tambaya ko an fara. A karo na biyu ya shiga. Rubutu ya fito da Turanci, na fassara musu: kana cikin kumbo, kana faɗowa kan wata, ga nisanka, ga gudunka, ga man da ya rage maka. Za ka faɗi yawan man da za ka ƙona don rage gudu. In ka ƙona da yawa ya ƙare tun kana sama, in ka yi rowa ka faɗi ka tarwatse.

Wani direba ya ce, "To ina kumbon?"

Na ce babu hotonsa, lambobin ne ke nuna inda yake.

"Watan fa?"

"Shi ma babu. A ranka za ka ƙiyasta."

Mutane suka dubi juna. Wani tela ya ce shi dai da ma bai yarda an je watan ba, ga shi kuwa ko a talabijin an kasa nuna shi. Na buga lamba, lambobi suka sauya, na sake bugawa. Ina cikin bayani na ga jama'a suna raguwa. Kafin kumbon nawa ya tarwatse rabin mutanen sun koma gindin mangwaro wurin dara, sauran suna tambayar Oga yaushe za a mayar da akwati.

Oga bai yi dariya ba ranar. Ya matso ya ce in ba shi ya gwada. Ya tarwatse. Ya sake, man ya ƙare masa a sama. Ya ja kujera ya zauna sosai, ya ce wa masu jiran akwati su dawo gobe. Mutum ne mai lissafin kai, ya fara gane cewa sai an bar kumbon ya faɗo da farko sannan a taka masa birki daga baya. Har aka kira magariba yana kai, na tafi masallaci na dawo na same shi ya sauke kumbon lafiya, abin da ni ban taɓa yi ba.

Na ce, "To Oga, yanzu me ka ce?"

Ya ce, "Ya yi daɗi. Amma wannan ba wasa ba ne, jarrabawa ce. Ka ga mutum ɗaya da ya yi ihu? Ka ga wanda ya ci wani? Ka kawo mini wasan mutum biyu, mai motsi, irin nawa. In kwamfutarka ya yi shi, na yarda."

Wannan magana ta fi dariyar ƙona mini rai. Mutumin da ya hana jama'a wasa don ya zauna a gaban kwamfutata shi ne yake ce mini ba wasa ba ne. Bayan haka ma yakan aiko a ce in kawo "jarrabawar nan" idan kasuwa ta yi sanyi, amma ko sau ɗaya bai canza bakinsa ba.

Na ɗauki ƙalubalen. Babu irin wasansa a littafin, sai na ce zan rubuta da kaina. Hutun makaranta ya zo, Oga ya sassauta, ya bar ni ina zama a bayan shagonsa da safe kafin masu wasa su zo. Na koyi yadda ake sa ɗigo a gilashi, a goge shi, a sake sa shi gaba kaɗan don ya zama kamar yana tafiya. Ranar da ɗigona ya bugi gefe ya dawo, na ji daɗin da ban ji ba ko ranar da na karɓi sakamakon kwaleji. Na ƙara sanda a dama, na ƙara a hagu. Amma duk abin da na ƙara sai tafiyar ɗigon ta ragu. Da na gama, yana tafiya ne kamar tsohuwa ta ɗauko itace, yana ɗingishi, yana ɓacewa yana fitowa.

Muka zauna gwaji ni da Oga, kafaɗa da kafaɗa a kan maɓallai ɗaya. A nan wani aibin ya fito wanda ban san da shi ba. Idan muka danna tare, kwamfutar ɗaya kawai take ji. Duk wanda ya riga danna nasa ya riƙe, sandar ɗayan ba za ta motsa ba. Oga ya gano haka kafin ni. Ya danne maɓallinsa ya ƙi ɗagawa, ina kallo ɗigo ya rarrafo ya wuce sandata.

Ya ce, "Ka gani? Kunne ɗaya gare shi. An yi shi don akawu ɗaya ya zauna shi kaɗai."

Na ce laifin ba na kwamfutar ba ne, nawa ne da ban gama ƙwarewa ba, kuma wasan jiragen da na gani a ɗakin Bature yana gudu fiye da nasa. Ya ce shi bai ga jirage ba, kalangu ya ji labari. Ashe matata ta ba matarsa labarin kaset, ya kuma riƙe shi bai taɓa faɗa ba sai ranar. Na san gaskiyata, na ga jiragen da idona, na harbe su da yatsana, amma ba ni da abin nunawa sai ɗigo mai ɗingishi.

Littafin ya yi maganar wata hanya ta rubuta umarni da ke sa komai ya yi sauri, amma ya ce bayaninta yana wani littafin dabam. Na tambayi ma'aikatan safiyo, na sa aka duba mini a kantunan littattafai na Kaduna da Zariya, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Na ci gaba da rage nan, gyara can, ɗigon ya ɗan ƙara sauri, ba dai yadda zan tara mutane ba.

Ana tsakiyar damina, wata safiya ina bayan shagon, hadari ya taso daga wajen dutse. Kafin in adana aikin in cire waya aka yi wata tsawa, ƙwan lantarkin shagon ya yi haske fiye da kima ya fashe. Na ji ƙauri. Talabijin ɗin Oga fis ɗinta kawai ya ƙone, ya canza shi a ranar. Akwatinsa ma ba a haɗe yake ba. Kwamfutata kuwa ba ta sake cewa komai ba.

Oga ya buɗe ta, ya daɗe yana dubawa, ya mayar da murfin ya ce ba zai taɓa abin da bai sani ba. Ya kwatanta mini wani mai gyara a Kaduna. Na shiga mota da kwalin a kan cinyata, don ban yarda a sa shi a but ɗin motar ba. Mai gyaran ya kira maƙwabtansa suka zo kallo. Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa da ya kumbura, ya ce shi ne ya ƙone, kuma ko a Legas bai ce za a samu ba, sai dai a aika ƙasar da aka ƙera ta. Ban san inda Baturen yake ba a lokacin.

A hanyar dawowa motarmu ta lalace a Diko, muka yini a bakin titi. Wata mai sayar da dafaffiyar masara ta tambaye ni me ke cikin kwalin da na ƙi ajiyewa a ƙasa, na ce mata rediyo ce, don ba ni da ƙarfin yin bayani.

Da na iso layinmu shagon Oga a cike yake, ana ta hayaniya a kan wani direba da ya ƙi tashi bayan an cinye shi. Oga ya hango ni ya fito waje. Ya dubi kwalin, ya dubi fuskata, bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya karɓe shi daga hannuna ya raka ni har ƙofar gida, yana ba ni labarin wani dillali da ya kawo masa fankoki marasa kyau. Matata ta share wuri a saman kwaba, muka ɗora kwalin a can, ta kawo mini ruwa da tuwon da ta ajiye tun rana.